Buri Biyu Da Ke Kan Ɗan Makarantar Sakandare

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya hore masa harshe da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi 'yan makarantun sakandare ne, da malamansu, da iyayensu, musamman na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Jihar Zamfara, ko da yake abin da za a faɗa ya game kowane gari. A farkon kowace shekarar karatu yara sukan koma aji, a kira sunayensu a rajista, malami ya shiga ya kama darasi. Abin da ba a cika yi ba shi ne a tsaya a tambayi yaro abin da ya zo nema, da inda yake so ya kai kafin shekara ta ƙare. Da yawa sukan yi shekara shida cur, uku a ƙaramar sakandare uku a babba, ba wanda ya taɓa yi musu wannan tambaya, su ma ba su yi wa kansu ba. Manomin da ya saɓa galma bai san gonar da za shi ba, rana za ta take yana bisa hanya.

Musulunci kuwa ya ɗora wa mai neman ilmi buri biyu waɗanda ba a raba su. Na farko ya san abin da yake karantawa sani na haƙiƙa. Na biyu ya zama mutumin da jama'a za su amfana da shi, su kuma tsira daga cutarwarsa. Lalle ne a bayyana wa yaro waɗannan biyu tun ranar farko, a rubuta su, a kuma riƙa dubawa ana auna inda aka kai.

NIYYA ITA CE TUSHE

Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya ruwaito, wanda ya nuna cewa kowane aiki da niyyar mai shi ake auna shi, kuma rabon mutum yana bin abin da ya ƙudurta a zuci. Shaihu Zarnuji kuwa, mai littafin Ta'alimul Muta'allim wanda almajirai suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya keɓe babi guda a kan niyyar mai neman sani. A taƙaice ya nuna cewa ya nufi yardar Allah, da kawar da jahilci daga kansa da kuma sauran jama'a, da raya addini.

Wannan bai hana yaro ya so aikin yi da abinci na halal ba. Neman abin da mutum zai rufa wa kansa asiri, ya ciyar da iyayensa, shi ma ibada ne idan an gyara niyya. Abin tsoro shi ne yaron da bai nufi komai ba sai takardar shaida. Wanda takarda kaɗai yake nema, duk hanyar da ta fi kusa ita zai bi, ko da ta sata ce. Wanda kuwa sani yake nema, ya san shi ba a sato shi.

Har ila yau malamai sun rarrabe tsakanin kyakkyawar fata da dogon buri na banza. Mai kyakkyawar fata shi ne wanda ya yi sharar gona, ya kai taki, ya yi shuka bayan ruwa ya zauna, sa'an nan ya jira rahamar Ubangiji. Mai burin banza kuwa yana kwance a inuwa yana lissafin damman da zai ɗaure da kaka. Akan sami yaro ya ce shi likita zai zama, alhali rabon da ya buɗe littafin lissafi tun hutun da ya wuce. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta zama niyya ba tukuna, sai ran da aka rarraba ta aka ce ga aikin yau, ga na gobe. An ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara.

WANE ILMI AKE NUFI?

Har yanzu akwai masu ganin cewa lada tana ga karatun allo da na littattafan addini kaɗai, shi kuwa na boko neman duniya ne kurum. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, watau 1111 ta Miladiyya, ya warware wannan tun da daɗewa a farkon littafinsa Ihya'u Ulumiddini. Ya kasa ilmin da ya wajaba kashi biyu. Na farko farilla ce a kan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla da azumi, da hukuncin sana'ar da mutum yake yi, kuma ba mai ɗauke wa wani. Na biyu farilla ce a kan jama'a, wadda idan waɗansu suka tsaya da ita sauran sun huta, idan kuwa aka rasa mai tsayawa da ita, nauyin ya hau kan kowa. A cikin wannan kashi ya ambaci likitanci da lissafi, har da noma da saƙa. Ya kuma koka da mutanen zamaninsa, domin akan sami gari cike da masu gardamar fiƙihu, amma babu likita Musulmi ko ɗaya a cikinsa.

Tarihin Manzon Allah ya ƙarfafa wannan. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta biyu bayan Hijira, waɗansu daga cikin kamammun yaƙi da suka iya rubutu sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu, kowanne yara goma. Haka kuma Annabi ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa ƙware cikin kimanin rabin wata. An faɗa wa Zaidu abin da zai koya, an kuma faɗa masa dalili, shi ya sa ya yi sauri.

A nan gida, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu. A garin Gummi ne kuma aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya shiga makarantar Dogon Daji, da Midil ta Sakkwato, da makarantar shari'a ta Kano, har ya ƙaro ilmi a ƙasar Sudan. Ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar girma ta Sarki Faisal a 1987. Saboda haka ɗan wannan yanki ba ya bukatar a kawo masa shaida daga nesa cewa allo da boko suna zama a ƙirji ɗaya.

DARASIN 'YARGALMA

Babu inda maganar Gazali ta fito fili kamar a abin da ya sami 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta ta ƙasar Anka, da ƙauyukan da ke kusa da su a shekarar 2010. Kuɗin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutanen da noma bai ishe su ba suka dukufa ga haƙo dutse. Aka riƙa kawo dutsen cikin gari, ana farfasa shi, ana niƙa shi a inji irin na niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Ba wanda ya san cewa dutsen nan yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi tufafi da kwanuka, ƙananan yara masu rarrafe da sa hannu a baka suka yi ta haɗiyarta.

Da farko agwagi ne suka fara ƙarewa, ba a kula ba. Sa'an nan yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga da suma, aka yi ta ba su maganin zazzaɓi bai yi ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-Gari-Na-Kowa, suka sami labarin yawan mutuwar yara. Aka ɗebi jini aka aika da shi ƙasar Jamus, gwaji ya nuna gubar dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da ma'aikatan lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ba ta kasa 400 ba, dubbai kuma sai da aka yi musu magani. Waɗansu da suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ita ta fi saurin cutuwa da dalma.

Akwai maganin da yake kama dalmar a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ƙurar take. Don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe aka binne nesa da mutane, aka zuba sabuwa mai tsabta. An yi wa 'Yargalma da Dareta haka tun a 2010, Bagega kuwa ba a kai gare ta ba sai a 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Ajali na Allah ne, kuma iyayen da suka rasa 'ya'yansu ba a kama su da abin da ba su sani ba. Allah ya ba su ladan haƙuri. Amma imani da ƙaddara bai hana Musulmi ya nemi sanin sababi ba. Abin da ake bukata don a gane wannan cuta bai fi ƙarfin ɗan Zamfara ba: sanin cewa dutse guda yana iya ɗaukar ma'adini fiye da ɗaya, da cewa dalma guba ce, da yadda ake gwada jini da ƙasa. Tushen wannan duka yana cikin darussan kimiyya da ake koyarwa a babbar sakandare. An jira har baƙi suka zo daga uwa duniya suka gano abin, kuma sun cancanci godiya, amma farillar a kan jama'ar ƙasa take, da hukumarsu. Yaran da suka tsira daga annobar suna goye, su ne yanzu suka kai shekarun babbar sakandare ko suka wuce. Wanda duk ya zauna a aji a Anka ko Bukkuyum yana ganin darasin kimiyya wahalar banza ne, to, a tuna masa da 'Yargalma.

YADDA AKE ƊORA BURI

Ba sai an je wata ƙasa aron dabara ba, makarantar allo ta riga ta nuna hanya. Malamin allo ba ya ce wa yaro ya je ya sauke Alƙur'ani. Yakan rubuta masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, yaro ya yi ta maimaitawa, sa'an nan ya zo ya biya a gaban malam. In ya iya, ya wanke a ɗora masa sabo. In bai iya ba, ya koma ya sake. Da haka ake tashi daga babbaƙu zuwa farfaru, ana bin izu bayan izu, ana tishin na baya don kada ya zube, har a kai sittin a yi sauka. A cikin wannan tsari akwai abu huɗu: aiki ƙayyadadde, wanda bai fi ƙarfin yaro ba, da lokacin da za a biya shi, da wanda zai saurari biyar.

Waɗannan huɗu su ya kamata malamin aji ya ɗauko. A makon farko na zango ya sa kowane yaro ya keɓe shafin farko na littafin rubutunsa, ya rubuta inda yake a yanzu da inda yake so ya kai. A ɗauki misalin yaron da ya ci 35 bisa 100 a lissafi a zangon baya. Idan ya rubuta cewa zai ƙara ƙoƙari, bai rubuta komai ba, domin ba a auna ƙoƙari da mudu. Amma idan ya rubuta cewa yana so ya kai 50 a ƙarshen zango, zai warware tambaya biyar kullum bayan sallar La'asar, zai kuma nuna wa malam aikinsa kowace Alhamis, to, ya sami allon da zai biya. Wanda Turanci yake ba shi wuya ya ɗaukar wa kansa karanta shafi guda a rana, da riƙe sababbin kalmomi biyar. Haka kuma kowa ya sa wa kansa wani abu na addini, ko gyaran karatun sura guda, ko ƙare babin tsarki a littafin Ahalari. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Hausawa ma sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Bayan burin zango akwai na nesa, wanda ya kamata yaro ya sani tun yana aji ɗaya na babbar sakandare. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, haɗe da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ya zauna ta JAMB. Mai son aikin asibiti tilas ya riƙe darussan kimiyya tun farko, domin ba a gyara wannan a aji uku. Ya kamata malamai su sanar da yara ƙofofin da ke kusa da su: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013, da kwalejin horon malamai ta Maru, da kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda, da makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe. Ba kowa ne zai je jami'a ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Wanda zai koma noma ko kiwo ko gyaran inji, shi ma ya fita da iya karatu da lissafin da zai hana a cuce shi a kasuwa, ko ya cuci wani da maganin feshi. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda Annabi Yusufu ya tsara wa mutanen Masar ajiyar hatsi na shekara bakwai tun yunwa ba ta zo ba. Shirin nesa aikin Annabawa ne.

BURI NA BIYU: ZAMA MUTUMIN KIRKI

A makarantu ana koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari, ana yin jarrabawarsa. Amma yaro yana iya cin wannan jarrabawa alhali shi ne yake ɓalle ƙyauren taga. Hali ba a takarda ake auna shi ba, saboda haka shi ma yana bukatar a ɗora masa buri irin na allo.

Nu'umanu ɗan Bashir ya ruwaito misalin da Manzon Allah ya buga da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, waɗansu a sama waɗansu a ƙasa. Na ƙasa suka ga wahalar hawa sama ɗibar ruwa, suka yi shawarar su huda nasu ɓangaren. In na sama suka ƙyale su, duka su nutse, in kuwa suka riƙe hannunsu, duka su tsira. Ƙurar da aka niƙa a gida ɗaya ba ta tsaya a gidan ba, iska ta kai ta ga maƙwabta. Daga nan yaro zai gane abin da ya sa shari'a ta kafa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, da kuma abin da ake nufi da zama ɗan ƙasa: watau mutum ya san cewa abin da ya yi a tsakar gidansa yana isa ga wanda bai sani ba.

Buri na farko a wannan fanni shi ne gaskiya a ɗakin jarrabawa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya sa hannu a cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, sai ya nuna cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. Satar amsa algus ce, kuma dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa ta sa ta cikin laifuffuka. Cutarta ba ta tsaya ga mai ita ba. Wanda ya saci amsa ya sami takardar aikin asibiti, ran da aka kawo masa yaro yana jijjiga babu wanda zai kwafa a wurinsa.

Na biyu shi ne amanar kayan jama'a. Kujerar aji da famfon makaranta da littafin laburare dukiyar al'umma ce, wanda ya saba lalata su yana yaro, baitulmali zai lalata in ya girma. Na uku shi ne zama lafiya da abokan karatu. A aji ɗaya akan sami Bahaushe da Bafillace da ɗan wata ƙabila, wani lokaci da wanda ba Musulmi ba. Suratul Hujurati ta nuna cewa an rarraba mutane dangi-dangi ne don su san juna, kuma fifiko yana ga tsoron Allah. Alƙur'ani ya kuma maimaita cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Yaron da yake zaune a kujera bai ɗauki alhakin abin da ɗan bindiga ya yi a daji ba, don kurum harshensu ɗaya. Wannan sura ɗin ce kuma ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, abin da ya zama tilas a zamanin da jita-jita take yawo a wayar hannu.

Na huɗu shi ne mai da ilmi gida. Kowane aji ya zaɓi aiki guda da zai yi wa gari a cikin zango. Wani ajin ya koya wa ƙannensa na firamare karatu ranar Asabar. Wani ya share magudanar ruwa kafin damina. Wani kuma, da izinin mai gari da liman, ya bayyana wa mutane abin da ma'aikatan lafiya suka yi ta faɗa tun 2010: kada a kawo dutsen haƙa cikin gida, mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga wurin iyali, kada a bar yara su kusanci wurin niƙa. Ya kamata kuma yara su san cewa neman haƙƙi ta hanyar lumana yana cikin zama ɗan ƙasa. Lokacin da aikin Bagega ya yi jinkiri, waɗansu matasa 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka yi ta kira ta intanet da jaridu, har Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Ba su ƙone komai ba, ba su zagi kowa ba.

NAUYIN MALAMAI DA IYAYE

Hadisi ya nuna cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Malamin da yake so yara su zo da wuri, shi ya fara zuwa. Wanda ya karɓi kuɗi ya buɗe wa yara amsa, ya rushe da hannunsa abin da ya gina da bakinsa. Haka kuma kada malami ya ɗora wa aji duka buri iri ɗaya. Yaron da ya tashi daga 20 ya kai 40 ya yi tafiyar da ta fi ta wanda ya zauna a kan 70, ya kuwa cancanci a yaba masa a gaban 'yan'uwansa.

Uban da bai yi boko ba kada ya ce ba ruwansa. Yana iya sa yaro ya karanta masa abin da ya rubuta a shafin farko, ya riƙa tambayarsa duk ranar Juma'a, ya rage masa aike a lokacin bitar karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Ya'ya mata suna da rabo daidai a cikin wannan magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana zagaya ƙasar Zamfara yana wa'azi, wajen ƙarshen ƙarni na 18. A nan ne wani malami ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mai da amsa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. Daga baya 'yarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajis suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Uwa ita ce take tare da yaro mai rarrafe, ita ce farkon wadda za ta ga alamar ciwo. Garin da yake so mace ta duba matansa a asibiti, tilas ya bar 'yarsa ta ƙare sakandare.

UZURIN ZAMANI

Wani zai ce wannan magana ta masu kwanciyar hankali ce. Lalle uzurin yana da ƙarfi. A watan Fabrairu na 2021 an sace 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe, kuma a wannan shekara an rufe makarantun jihar na wani lokaci. A watan Janairu na 2022 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, iyalai da yawa suka bar gidajensu. Tsare rayuka da makarantu nauyi ne a kan hukuma, kuma za a tambayi shugabanni a kansa gobe kiyama. Ga kuma talauci, wanda yake janye samari daga aji zuwa ramin zinariya.

Duk da haka, barin karatu ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya ƙara wa daji ma'aikata. Imamu Ahmad ya ruwaito hadisin da ya kwaɗaitar da wanda tashin kiyama ya riske shi da dashen dabino a hannu, cewa in yana da iko ya dasa shi. Yaron da gudun hijira ya kai shi Anka ko Gummi, burinsa na wannan zango yana iya zama kada ya manta karatun da ya riga ya iya, ya kuma nemi makarantar da za ta karɓe shi. Wajibi ne shugabannin makarantu da masu hali su sauƙaƙa masa.

RANAR BIYA

Buri ba ya cika sai da hisabi. Suratul Hashri ta umurci kowane rai ya duba abin da ya gabatar domin gobe, kuma Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa za a tambayi bawa a kan rayuwarsa yadda ya ƙarar da ita, da ilminsa abin da ya aikata da shi. Saboda haka a makon ƙarshe na zango, kafin a raba sakamako, malami ya sa yara su buɗe shafin nan na farko. Kowa ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa, ya faɗi abin da ya cika da abin da ya gaza, da dalili. Wanda ya cika ya gode wa Allah a ɗora masa sabo. Wanda ya gaza kada a kunyata shi, a taimake shi ya rage kayan daidai ƙarfinsa ya sake ɗauka.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu a 'Yargalma da Dareta da Bagega da sauran garuruwa, ya ba marasa lafiya sauƙi. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, ya ba malamai ikon riƙe amana, ya ba ɗalibai ilmi mai amfani da hali nagari. Amin.